Fim ɗin Sarauniya Mangu da Ƴan Kallon Gobarau

 Yau daga unguwar Gobarau muke, nan cikin birnin Katsina, kuma tambayarmu ita ce: fina-finan siyasa masu zurfin ma'ana, waɗanda ake ba wa lambar yabo a bukukuwan duniya, suna isa ga talaka kuwa?

Ku saurari wannan labari da kyau. A shekarar 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa, har da Birnin Ƙonni. A Lugu, wajen Dogon Dutsi, mace ce ta tsaya musu, Sarauniya Mangu ta Azna. Abdoulaye Mamani na Nijar ya mai da labarinta littafi a 1980, Med Hondo ɗan Muritaniya ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin kuma ya lashe babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a Wagadugu a 1987. To ga abin da ya fi damuna: a Burkina Faso aka ɗauke shi, kuma Sarauniyar cikinsa ba Hausa take yi ba, Julanci take yi. Labarin ƙasar Hausa ne, jarumar ƴar ƙasar Hausa ce, amma Bahaushe sai ya karanta rubutun ƙasan allo kafin ya fahimci abin da take faɗa. Ka zagaya majalisun Gobarau, zai yi wuya ka sami wanda ya taɓa ganinsa.

Wasu za su ce laifin ƴan kallo ne, wai mutanenmu rawa da waƙa kawai suke so, ba su da haƙurin fim mai tafiyar hawainiya da magana a dunƙule. Ban yarda ba. Al'ummar da ta tashi cikin habaici da zambo da karin magana ba za a ce mata ba ta gane magana a dunƙule ba. Ku dubi Kwana Casa'in na tashar Arewa24: jihar Alfawa ba ta cikin taswira, amma mai shayi da ɗan acaɓa suna zama su warware wa ake nufi da wane. Siyasa ce tsantsa, kuma ta shiga gidaje, domin da harshensu aka yi ta, aka kuma kai musu har ɗaki. Gaskiya ne akwai daraktan da tun farko alƙalan biki yake hange, ba talaka ba, wannan kam shi ya zaɓi masu kallonsa.

Lokaci na neman ƙure mana. Masu fassara fina-finan Indiya a Kano sun nuna aikin juya fim zuwa Hausa mai yiwuwa ne. Kiranmu gare su da hukumomin raya al'adu na Katsina: a nemi izini, a juya fim ɗin Sarauniya zuwa Hausa, a haska shi a fili kyauta, sannan a tambayi jama'a ra'ayinsu.