Daga Yelwa Zuwa Wara: Inda Kwara Ta Buɗe Kamar Teku

Matafiyin da ya taso daga Sakkwato ya bi ta Jega da Koko, sa'o'i zai yi idonsa na kan jar ƙasa da gonakin gero da dawa. Da ya shiga Yelwa, hedikwatar masarautar Yauri, ya ratsa kasuwa ya gangara yamma, sai gari ya yanke, Kwara ta shimfiɗu a gabansa. Yawancin mutanen Arewa idan suna marmarin ganin ruwa mai faɗi Legas suke tunawa, ko Kwatano, alhali ga shi nan a kudancin Jihar Kebbi, babu fasfo, babu kuɗin jirgin sama.

Ruwan nan ba haka yake ba a da. An fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968, kogi ya ja da baya ya cika kwari, ya zama tafki mai tsawon kusan kilomita 135. A Yelwa, can ƙarshensa na arewa, har yanzu kamannin kogi ne da shi, ana hango tsallake. Sai an yi kudu zuwa Wara, hedikwatar ƙaramar hukumar Ngaski, ake ganin ainihin girmansa, inda faɗinsa ya haura kilomita 20. Ranar da hazo ya sauka, ruwa da sama haɗewa suke yi, kuma idan iska ta taso, igiyar ruwa tana dukan gaɓa da ƙarfin da kan sa baƙo ya ja da baya.

Babu kujerun shan iska a bakin ruwan Yauri, babu laima mai launi-launi. Wurin aiki ne, kuma aikin shi ne abin kallon. Wanda yake son gani ya zo bayan asuba, lokacin da kwalekwale ke dawowa daga kwanan ruwa. Masunci ya turo goshin jirgi kan yashi, kafin ya ɗaure igiya dillalai da mata masu saro sun shiga ruwa har gwiwa sun kewaye shi. A juye kamu a kwano: karfasa, tarwaɗa, ƙurungu mai ƙaya, wani lokaci giwan ruwa da sai mutum biyu sun ɗauka. Ciniki da ɗaga murya ake yi, ana "albarka" ana "ƙara dai, Hajiya", hannu ɗaya a kan kwanon don kada wata ta riga. Can gefe yaro na zaune yana ɗinke birgin da ya yage, ya maƙale zaren a babban yatsan ƙafarsa.

Baya kaɗan ga masu banda. Ana lanƙwasa tarwaɗa a soke wutsiyarta da tsinke ta zama zobe, a jera a kan waya bisa murhun laka, hayaƙi ya yi ta cin ta har ta yi baƙi ta yi ƙyalli. Ita ce ake ɗurawa a kwali a loda a mota zuwa Onica da Legas. Akwai kuma warangi, ɗan mitsitsin kifin nan da ake shanyawa a rana. Wajen kama shi ne aka daɗe ana takaddama a kan dala, wato babban taru mai ƙananan ido da ake ja daga gaɓa, wanda ba ya barin ko 'ya'yan manyan kifaye. A shekarun 1990 wani shirin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus ya yi aiki sosai a tafkin don a daina amfani da shi. Tsofaffin Sarkawa, waɗanda su ne gadonsu, har gobe kukansu ɗaya ne: masu kamu sun ƙaru, kifi ya ƙanƙance.

Abin da ba kowane baƙo yake lura da shi ba, Kwara sau biyu take kawo ruwa a shekara. Akwai farin ruwa, mai laka, na damunar nan kusa, wanda ke zuwa daga wajen Agusta. Sai baƙin ruwa, tatacce, wanda ya sauka tun a tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, bai iso nan ba sai tsakiyar sanyi, sa'ad da ko ɗigon ruwan sama babu. Shi ya sa a watan Janairu, daji ya bushe ƙurmus, tafkin yana cike. Daga baya ya fara janyewa ya bar danshi, manoma su bi sawunsa da shuka, Fulani su gangaro da shanu kan burugu. Albasar Yauri da ake ji da ita a kasuwannin kudu a irin wannan ƙasa ta yi suna, kuma Gungawa ne gwanayenta tun suna zaune a tsibirai.

Su Gungawan, waɗanda ke kiran harshensu Reshe, su suka fi kowa biyan kuɗin wutar da Kainji ke bayarwa. Mutum fiye da 40,000 aka tasa lokacin da ruwa ya taso. Tsibirai suka nutse, har da mafi yawan Hoge, babban tsibirin da ke tsakiyar kwarin, tsohon garin Busa ma ya tafi. Aka gina musu sababbin ƙauyuka a tudu, gidajen siminti masu lanƙwasasshen rufi, iri ɗaya a jere. Mutane suka ƙaura da sunayen garuruwansu, don haka yau za ka ji ana kiran gari da Gungun kaza, ka je ka tarar da shi a kan busasshiyar ƙasa. Wanda ya hau jirgi yawon buɗe ido a tafkin nan ya kamata ya san a kan gonaki da maƙabartun mutane yake tafiya.

Mai son tarihi sai ya nufi Birnin Yauri, wanda ake taƙaitawa Bin Yauri, tsohuwar fadar ƙasar kafin sarauta ta koma Yelwa a 1888. Yauri tana cikin ƙasashen da labarin Bayajidda ya jera a Banza Bakwai, kuma arzikinta daga mashigin kogi ya zo, don ta nan ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro kan bi. Ta nan Baturen nan Mungo Park ya wuce a 1806. A ƙasar Yauri ya rabu da ɗan jagoransa Amadu Fatuma, bai yi nisa ba ya halaka a duwatsun ruwan Busa, wurin da shi ma yanzu yana ƙarƙashin tafki. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka zo neman takardun da ya bari, suka yi fiye da wata guda a birnin, suka tafi ba su samu ba. Abin takaici, mai ziyara yau sai ya nemi dattijon da zai nuna masa inda ganuwa ta bi.

Arewa da Yelwa kuma ƙasar Shanga ce. A wasu ƙauyukanta irin su Sakace da Sawashi akwai sauran masu jin harshen Shanganci, ɗan'uwan Busanci da Kyanganci, wanda Hausa ke haɗiyewa a hankali.

Lokacin da garin yake cika ya batse shi ne bikin Rigata, wanda aka farfaɗo da shi a 'yan shekarun nan ƙarƙashin Sarkin Yauri Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, tsohon shugaban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da ke kan gadon sarauta tun 1999. Masu ba da tarihin bikin suna danganta shi da farautar dorina da jaruman Gungawa kan yi a jirage. Yanzu tseren kwalekwale ake yi da ninƙaya, da kiɗa a kan ruwa, samari a jere suna tsoma filafili lokaci guda, jama'a a gaɓa suna ihu. Dorinar dai tana nan, manoman shinkafa sun fi kowa sanin haka. Argungu ta riga ta yi nisa, bikinta na kamun kifi ya faro tun 1934, UNESCO ma ta sa shi a kundinta a 2016. Amma Matan Fada, inda ake yin bikin, ƙaramin ruwa ne idan aka gwada shi da abin da Yauri take da shi.

To me ya hana baƙi tururuwa? Ba rashin otal ba ne kawai. Ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin katako ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Wara, kaɗan ne suka tsira. Bayan makonni uku, ranar 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashe ɗalibai da malamai, wasu 'yan matan sai da suka kusa shekara biyu a daji. Gandun dajin Kainji da ke tsallake, a jihohin Neja da Kwara, shi ma matsalar tsaro ta sa masu zuwa kallon namun daji sun ɗauke ƙafa. Duk mai tallata Yauri da ya tsallake waɗannan bai yi wa mutanenta adalci ba, domin su ne suke hawa jiragen nan kowace ranar kasuwa, su ne 'ya'yansu ke makarantun.

Matsalar jirgi kuwa sananniya ce, maganinta ma sananne. Itatuwan da ruwa ya shanye a 1968 kututturansu suna nan a ƙasa, idan tafki ya ja baya sai su matso kusa da sama, su fasa cikin jirgin da ya yi lodi fiye da kima. Jirgi ɗaya zai ɗauki buhunan hatsi da babura da awaki da fasinja, har ruwa ya kusa taɓa bakinsa, wani lokaci kuma da dare. Hukumar HYPPADEC, mai kula da yankunan da ake samar da wutar lantarki daga ruwa, ta raba rigunan kariya a garuruwan bakin tafkin. Saura a samu mai tsayawa a kowace tasha, daga mashigin Zamare da Rofiya har Wara, tare da Sarkin Ruwa da shugabannin masu jirage, ya ƙirga kai kafin a tayar da inji, ya sauke wanda ya ƙi sa rigar, ya hana tashi bayan magariba.