Ɗari mai ruwan sama a ƙauyukan Ingila

A ƙasar Nijar ɗari da damina ba su haɗuwa. Kafin sanyi ya shigo, ruwa ya ɗauke, an girbe hatsi, ƙasa ta bushe ƙamas. A ƙasar Ingila kuwa ba haka abin yake ba. Can, a watannin sanyi, wato Disamba da Janairu da Fabrairu, a lokacin ne ƙasa ta fi jiƙa.

Ingila tana kan wani babban tsibiri ne a arewa maso yammacin Turai. Yawancin iskarta daga yamma take busowa, daga kan tekun Atlantika, tana ɗauke da laima. Ruwan tekun nan yana da ɗan ɗumi, domin akwai igiyar ruwa mai ɗumi da take tasowa tun daga wajen ƙasar Meksiko. Shi ya sa dusar ƙanƙara ba ta cika daɗewa a ƙasa ba a kudancin Ingila. Abin da ya fi yawa shi ne yayyafi. Sai a wayi gari ana yayyafi, a yini ana yi, a kwana ana yi.

Ga wani abin mamaki. Ruwan da yake zuba a birnin Landan cikin shekara wajen milimita 600 ne. Bai fi na Yamai da yawa ba. Amma na Yamai cikin wata huɗu yake zubowa, da hadari da tsawa, sannan rana ta fito ta busar da shi. Na Landan kuwa ya rarrabu cikin wata goma sha biyu, kuma da ɗari rana ba ta da ƙarfin busar da komi. Ran 21 ga Disamba, sai ƙarfe takwas ta wuce rana take fitowa a Landan, kafin ƙarfe huɗu na yamma ta faɗi. Yini bai cika awa takwas ba, alhali a Maraɗi ya fi awa goma sha ɗaya. Ko da tsakar rana, tana nan ƙasa-ƙasa kamar ta hantsi, inuwar mutum ta kusa ninka tsawonsa sau huɗu.

Saboda haka ruwa yakan kwanta a gonaki. Hanyoyin ƙauye su zama caɓi, koguna su cika su malala cikin fadama. A ɗarin 2013 zuwa 2014 an yi ruwan da ba a taɓa ganin irinsa da ɗari ba tun da aka fara ajiye lissafi a 1766. A yankin Somerset, ruwa ya kewaye wani ƙauye mai suna Muchelney makonni da yawa, sai da jirgin ruwa mutane suke fita.

Wanda ya leƙa ta taga a irin wannan lokaci zai ce babu abin kallo. Sama toka-toka, yawancin itatuwa sun zubar da ganye, babu fure, babu malam-buɗe-littafi. Amma akwai mutanen da suke sa dogayen takalman roba, su ɗauki ɗan kaye da fensir, su fita. Masu zane ne, da masu lura da tsuntsaye da itatuwa. Sau da yawa mutum ɗaya ne yake yin aikin duka biyu.

Me suke gani? Da farko dai suna ganin ƙirar itace. Da rani ganye yakan rufe komi, amma yanzu kowane reshe yana fili, ana gane itace ta yadda rassansa suka miƙe da kuma ɓawonsa. Suna ganin gansakuka, kore shar, a kan duwatsu da katanga, don ita laima take so. Akwai wani itace da ba ya zubar da ganye, ana ce masa holi. Ganyensa yana da ƙaya a gefe, ƴaƴansa ja wur, tsuntsaye suna cinsu in abinci ya yi wuya. Akwai wani ɗan tsuntsu mai jan ƙirji, robin, wanda yake rera kukansa har a tsakiyar sanyi, lokacin da yawancin sauran sun yi shiru. Akwai kuma baƙi, tsuntsayen da suka gudo daga ƙasashen Norwe da Suwidin, inda sanyi ya fi tsanani. A wurinsu Ingila ƙasar ɗumi ce. Can wajen ƙarshen Janairu sai wata ƴar farar fure ta ɓullo a gindin itatuwa, kanta a sunkuye. Tana cikin furannin farko na shekara.

Da yawa daga cikin masu zanen nan da fentin ruwa suke aiki. Fentin yana zuwa a daskare, kamar ƴan gutattsarin sabulu, a jere cikin ƙaramin akwatin ƙarfe. Mai zane yakan tsoma ɗan buroshinsa na gashi a ruwa, ya goga a kan launin da yake so, ya shafa a takarda. Akan fara da launi mai haske, a bari ya bushe, sannan a ɗora mai duhu. Inda ake son fari, sai a bar takardar yadda take. Wannan yana neman tunani tun kafin a fara, domin in an shafe wuri, da wuya farinsa ya komo.

A nan ne laima take shiga cikin aikin. A Tawa ko Damagaram, da ɗari, fentin ruwa zai bushe tun hannu bai ɗaga ba. A ƙauyen Ingila kuwa takarda sai ta daɗe a jiƙe. In mai zane ya yi gaggawa, launi ya zarce cikin launi, jan ƴaƴan itace ya ɓata koren ganye. Amma gwani yakan ci moriyar wannan. In zai zana gajimare, sai ya jiƙa takardar da gangan, ya ɗiga launin toka, ya bar shi ya bazu da kansa. Sama mai hadari ta fito, babu layi ko ɗaya. Ranar da sanyi ya yi tsanani, ruwa yakan daskare a bakin buroshi, yatsu su ƙage. Sai a karyo ɗan reshe a kai gida, a sa shi cikin kwalba kusa da taga, a ƙarasa a can. Tsuntsu dai ba ya tsayawa a zana shi. Sai a yi sauri a ja ƙirarsa da fensir, a rubuta launinsa a gefe kafin a manta.

Wata mace mai suna Edith Holden ta yi suna da irin wannan aiki. An haife ta a 1871 kusa da birnin Birmingham. Sana'arta zanen hotuna cikin littattafan yara, ta kuma koyar da zane a wata makarantar ƴan mata a garin Solihull. A shekarar 1906 ta buɗe kaye, ta bi shekara wata-wata, daga Janairu har Disamba. Tana yawo a ƙasa ko a kan keke, in ta komo ta rubuta kwanan wata, da yadda gari ya kasance, da abin da ta gani, ta kuma zana shi da fentin ruwa. Ta rasu a watan Maris na 1920. Ta faɗa ruwa ne a gefen kogin Thames, tana ƙoƙarin kamo wani reshe mai toho. Kayen nata ya zauna a hannun dangin mijinta fiye da shekara hamsin. Sai a 1977 aka buga shi, da rubutun hannunta yadda yake, aka sayar da miliyoyi.

Kyan hoton ne ya jawo masu saye. Amma kwanan watan da yake gefen hoton ya fi hoton amfani. Tun a 1736 wani mai gonaki a yankin Norfolk, Robert Marsham, ya fara rubuta ranar da kowane itace ya fara toho, da ranar da kwaɗi suka fara kuka. Zuriyarsa suka ci gaba da aikin har 1958. Masana suna gwada irin waɗannan tsofaffin rubuce-rubuce da na yau. Da haka suka tabbatar itatuwan Ingila suna toho da wuri fiye da dā, saboda duniya tana ƙara zafi.

Mai ajiye irin wannan kaye yakan lura har da abin da babu. Da ɗari babu tsattsewa ko ɗaya a sararin ƙauyen Ingila. A watan Satumba da Oktoba suke ɓacewa, sai Afrilu su komo. Mutanen can suna jiran tsattsewar farko kamar yadda manomin Hausa yake jiran shamuwa. To, ina suke zuwa? An daɗe ana gardama. Waɗansu suka ce cikin lakar tafki suke shiga su yi barci har sanyi ya wuce. Wani limamin Kirista na ƙauyen Selborne, Gilbert White, wanda littafinsa a kan halittun ƙauyensu ya fito a 1789, ya yi shekaru yana neman amsar. Har ya rasu a 1793 yana zaton waɗansunsu ɓuya suke yi kusa da gida.

Ɗan zobe ne ya raba gardamar. A 1911 aka sa wa wata tsattsewa zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa, a tsakiyar Ingila. A watan Disamba na 1912 aka same ta a yankin Natal, a Afirka ta Kudu. Ashe teku da Sahara suke ƙetarewa, sau biyu kowace shekara.

Ba duka tsuntsayen Ingila suke kai wa can ƙasa ba. Akwai wani ƙarami mai farin maƙogwaro, nauyinsa wajen giram 15, wanda yake sheƙa cikin shingayen gonakin Ingila. Shi da ya ƙetare Sahara sai ya tsaya a Sahel, cikin dajin ƙaya irin na Nijar da Mali da Sanagal. Nan yake cin ƙwari da ƴaƴan itace duk ɗari, ya tara kitsen da zai koma da shi. A 1968 damina ta yi gardama a Sahel, farkon farin da ya kai ga yunwar 1973. Da bazarar 1969 ta zo, masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka fita da kayensu kamar kullum, suka tarar da shingaye shiru. Fiye da kashi biyu cikin uku na tsuntsayen nan ba su komo ba. Daga baya sun ɗan ƙaru, amma har yau yawansu bai koma yadda yake kafin 1969 ba.