Jita da Waƙar Sallah a Zango

Duk wanda ya taɓa yin Sallah a Nima ko Maamobi ya san yadda unguwa ke cika bayan an sauko daga idi. Tun da gwamnatin Rawlings ta mai da Sallah biyu ranakun hutu a tsakiyar shekarun 1990, shagalin ya ƙara armashi, har 'yan ƙungiyar VIP, 'ya'yan Nima, suka yi suna da wasansu na Sallafest. Amma a tsaya a kasa kunne: yawancin kiɗan daga lasifika yake fitowa. Yaro nawa ne zai iya ɗaukar abin kiɗa ya rera wa iyayensa waƙar barka da Sallah da hannunsa da bakinsa?

Jita ba baƙuwa ba ce a Gana. Matuƙan jirgin ruwa 'yan ƙabilar Kru na Laberiya ne suka yaɗa salon kaɗa ta da yatsu biyu a bakin teku. A 1928 Kwame Asare da abokansa na Kumasi Trio suka je Landan aka ɗauki kiɗan “Yaa Amponsah” a faifai, kiɗan da ya zama tushen jitar hailaif. Daga baya Koo Nimo ya riƙe wannan gado. Mu kuwa kakanninmu da suka zo fatauci sun san garaya da molo da gurmi, kuma Ɗan Maraya Jos ya zagaya duniya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tak. To, mai tsirkiya shida me zai hana shi?

Ga inda masu koyo ke tuntuɓe. Sukan fara da hannu, alhali da baki ake farawa. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, kalma guda tana iya sauya ma'ana idan murya ta kauce. Saboda haka a je wurin kaka ko gwaggo, a durƙusa a gaishe ta, a ce, “Hajiya, ki rera mini irin taku ta da.” A haddace waƙar da amshinta tukuna, ana tafi da hannu, har ta zauna a ka.

Bayan haka sai a saita tsirkiyoyi: E, A, D, G, B, E, daga mai kauri zuwa siririya. Kada a yi garajen danna tsirkiya uku ko huɗu a lokaci guda. A nemi muryar waƙar a kan tsirkiya ɗaya, kamar mai garaya. Yawancin waƙoƙinmu na gargajiya a kan amo biyar suke tafiya, don haka nemansu ba ya wuya. In ta samu, sai babban yatsa ya riƙe bugu a tsirkiya mai kauri, manuni yana tsinko murya a ƙasa. A nan ne za a shigo da dannin C da F da G. F kan ba sabon shiga wahala. A fara da danna sirara huɗu kaɗai, a bar masu kauri biyu.

Yatsu za su yi zafi kafin su yi kanta. Minti ashirin kullum ya fi awa uku ranar Lahadi. Sannu ba ta hana zuwa.

Sai maganar lokaci. Azumi watan ibada ne, a rataye jita. Tsakanin Ƙaramar Sallah da Babba akwai kimanin wata biyu da kwana goma, kuma ya ishi mai himma ya kama waƙa ɗaya sosai. Gidajenmu a matse suke, saboda haka in an kira salla a ajiye, in maƙwabci ya kwanta a bari. Wasu iyaye da malamai ba su yarda da kiɗa ba sam. Yaro ya nemi izinin Baba kafin ya shigo da ita gida.

Ranar Sallah, bayan an ci tuwo an sha fura, a zaunar da ƙanne su yi amshi. Yaron da Turanci da Tiwi suka fara cinye masa Hausa, a nan zai tsince ta. Allah ya maimaita mana, amin.