Inci Nawa Wutar Gidanka Za Ta Ɗauka?

(KIƊAN BUƊE SHIRI, A SASSAUTA)

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Ƙofa da Bebeji da Kiru, da 'yan uwa na Tudun Wada da Doguwa har can Riruwai.

Kaka ta yi, an kai masara da shinkafa kasuwa, kuɗi sun ɗan shigo hannu, ga bukukuwa a gaba. A irin wannan lokaci ne magidanta da iyayen amare ke kama hanyar Kano don sayo talabijin ta bango, wadda muke kira filasma. Tambayar da kowa ke shiga shago da ita guda ce: inci nawa? Ni kuwa a ganina, a yankinmu, ita ce ya kamata ta zo ƙarshe. Akwai tambayoyin da suka riga ta, kuma ta farkonsu ita ce wuta.

(KIƊA)

Malam, da wace wuta za ka kunna ta? Dukkanmu mun san yadda wutar layi take a garuruwanmu: yau ta zo, gobe babu, wani lokacin ta zo ba ƙarfi, wani lokacin ta zo da ƙarfin da ke ƙona kaya. Ba mu manta da watan Oktoban 2024 ba, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka samu matsala, Kano da maƙwabtanta suka zauna cikin duhu fiye da mako guda. Inji kuma, tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, tayar da shi kowane dare ya fi ƙarfin mai ƙaramin hali. Shi ya sa gidaje da yawa suka koma sola, kuma a nan ne girman talabijin ke zama lissafi.

A juya bayan kowace talabijin, akwai 'yar takarda da aka rubuta yawan wutar da take ci. Mai inci 32 takan ci wat 40 ko kusa da haka. Mai inci 55 takan kai wat 100, wata ta wuce. To, batirin sola irin wanda aka fi samu a gidaje, mai bolt 12 da amfiya 100, abin da yake riƙewa wat 1,200 ne na awa guda. Idan irin na dalma ne, masu haɗa sola za su ce kada ka sha fiye da rabinsa in kana son ya daɗe. Saura 600 ke nan. Cire abin da dikoda da inbata za su ci. Mai inci 55 za ta ba ka awa huɗu zuwa biyar, mai inci 32 kuwa ta wuce awa goma. Ba mu sa fanka ba, ba mu sa ƙwai ba, ba mu sa cajin waya ba.

Wannan lissafi shi ne gaskiyar lamarin. Wanda ya ƙara inci ba tare da ya ƙara batir da faifan sola ba, zai ga allon ya ɗauke ana tsakiyar wasan ƙwallo ko tafsirin azumi, kuma batirin da ya kamata ya yi shekaru zai mutu da wuri. Ga mai ƙaramar sola, akwai talabijin da ke aiki kai-tsaye da batir ba sai an bi ta inbata ba, ya tambaya.

Ina kuma jan hankalin masu sayen na hannu. Kamfanonin Panasonic da Samsung da LG sun daina ƙera ainihin filasma tun 2014. Waɗanda ke shaguna yanzu mafi yawansu LED ne, marasa nauyi, marasa cin wuta sosai. Idan aka nuna maka wata tsohuwa mai nauyi, mai ɗaukar zafi, a farashi mai sauƙi, ka sani tana iya cin wutar sabbi biyu ko uku.

(KIƊA)

Tambaya ta biyu: me za ka kalla a kanta?

Abin da ake nuna maka a shago hoto ne na musamman da aka ɗora a filashi, furanni da tsuntsaye da ruwa kamar ka sa hannu. Ba shi za ka gani a gida ba. Talabijin da aka rubuta wa 4K tana da ɗigon haske sama da miliyan 8 a fuskarta, mai Full HD tana da kimanin miliyan 2, amma yawancin tashoshin kyauta da muke kamawa ta dish ba su kai ko na biyun ba. Ƙaramin hoto a babban allo kamar ɗan man shanu ne a babban akushi, yana bajewa ya rasa armashi. Fuskokin 'yan Daɗin Kowa ko Labarina da suke fitowa tas a inci 32, sai ka gan su dishi-dishi a inci 65. Saboda haka ka roƙi mai shago ya jona maka dikoda irin taka, StarTimes ce ko GOtv ko risibar dish, ya kamo Arewa24 ko tashar da iyalinka suka fi kallo. Gani ya kori ji.

Haka batun mai intanet, wadda ake ce wa simat. Tana da amfani, domin finafinan Hausa da wa'azozi da yawa sun koma YouTube. Sai dai kamfanin Netflix da kansa ya ce kallon awa guda a matakin 4K na iya cinye data har gigabait 7. Wanda ke ƙauyen da sai ya fita bakin titi yake samun sabis mai ƙarfi, bai kamata ya biya kuɗin abin da ba zai mora ba.

Sai ɗaki. Ana auna inci ne daga kusurwa zuwa kusurwa, ba faɗi ba. Mai inci 43 faɗinta ya kusa mita guda, mai 55 kimanin santimita 122 ce, kuma tana son mai kallo ya zauna nesa da ita da kamar mita biyu ko biyu da rabi. Ɗakin amaryar da gado da kujeru da sif suka cika, inci 32 ko 43 ya wadatar da shi. Uwar amarya, Hajiya, na san ana son ɗakin 'ya ya fita kunya ranar jere, amma abin da zai amfane ta shi ne wanda za ta iya kunnawa kullum. A duba bangon ma: ginin ƙasa da aka yi wa shafen siminti ba ya riƙe ƙusar maƙala yadda bulo ke riƙewa. In bangon na ƙasa ne, a ɗora ta a kan teburi mai ƙwari, inda yara ba za su jawo ta ba.

(KIƊA)

Yanzu mun iso kasuwa, ko Sabon Gari ce ko Titin Beirut ko wani shago a birni. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, farashin waɗannan kaya ya tashi ƙwarai, kuma duk lokacin da kaya suka yi tsada jabu kan yi yawa. Akwai talabijin da ake manna wa sunan babban kamfani alhali ba shi ya yi ta ba. Akwai wadda kwalinta ya ce inci 50, a auna a ga ba ta kai ba. Ka ari tef a wurin tela ka tafi da shi, ka auna gilashin da hannunka, mai gaskiya ba zai hana ka ba. Ka duba lambar da ke jikin kwali ta yi daidai da ta bayan talabijin. A kunna ta a gabanka, a sa fari zalla, a sa baƙi zalla, ka matso ka duba ko akwai ɗigo ko layi ko wani gefe da ya fi duhu. Ka saurari muryarta, domin waɗannan sirara lasifikarsu ƙarama ce, ga ƙarar rufin kwano in ruwa ya sauko. Sannan ka karɓi rasit mai sunan shago da katin garanti, ka tambayi inda ake kai gyara a Kano.

Abu guda da nake so kowa ya riƙe: garanti ba ya ɗaukar fashewar gilashi, kuma canza gilashin babbar talabijin kuɗinsa ya kusa na sabuwa. Hanyar gida kuwa doguwa ce. Daga Kano zuwa Kwanar Dangora, wani ya ratse Kiru, wani ya miƙe Tudun Wada ya keta dajin Falgore. A bar ta cikin kwalinta, a tsaye, kada a kwantar da ita, kada a ɗora mata buhu. In kuɗin kujera guda ne a mota za a biya mata, a biya. Ɗaure ta a bayan babur a hanyar burji kasada ce da dukiya.

Kada kuma kuɗin su ƙare a kan talabijin ita kaɗai. A ware na abin kare ta daga tsallen wuta, wanda ke jinkirta kunnawa idan an kawo wuta, da sitabilaiza ga masu fama da wuta mara ƙarfi. Yankinmu ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, tsawa kuma ta wayar dish take bi ta shigo, don haka in hadari ya haɗo a zare filogi, a zare wayar dish ɗin ma. Da hunturu a riƙa rufe ta da ƙyalle idan an kashe, a goge gilashin da tsumma mai laushi, ban da fesa masa ruwa.

(KIƊAN RUFE SHIRI)

Hukuncina ga gidan da ke kan ƙaramar sola ko ƙaramin inji a Ƙofa ko Kiru ko Doguwa: inci 32 zuwa 43, ta kamfanin da aka sani, mai garanti. Mai babban falo da isasshen batir, ya sayi 55 ko abin da ya fi, Allah Ya sa albarka. Kafin ka hau mota, Malam, ka auna bangonka, ka je wurin wanda ya haɗa maka sola ya faɗa maka wat nawa za ta ɗauka, ka rubuta a takarda ka sa a aljihu.