Bareyin Nara Ba Dabbobin Gida Ba Ne

A birnin Nara na ƙasar Japan, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga Osaka ko Kyoto, iyalan da suka fito yawon buɗe ido kan tarar da barewa tsaye a bakin titi, wata kwance a ƙofar shago, wata tana tsallaka hanya motoci na jiranta. Sun haura dubu ɗaya a dandalin shaƙatawa na birnin da kewayensa, irin bareyin nan masu ɗigo-ɗigo a jiki da rani, waɗanda mazansu ke da ƙahoni masu rassa. Yaro ya miƙa hannu, barewa ta sunkuyar da kai kamar mai gaisuwa, iyaye su zaro waya. Nan take sai a ɗauka cewa dabbar gida ce. Wannan zato kuskure ne, kuma a ganina shi ne tushen yawancin cutar da ake yi wa bareyin da wadda suke yi wa mutane.

Dalilin rashin tsoronsu yana cikin tarihin garin. Nara ce fadar mulkin Japan daga 710 zuwa 784, kuma a 768 aka kafa wurin bautar Kasuga, wanda mabiya addinin Shinto suka yi imani cewa abin bautarsu ya iso wurin a kan farar barewa. Daga nan aka ɗauki bareyin a matsayin manzanni, har akwai zamanin da hukuncin wanda ya kashe ɗaya kisa ne. Yunwar lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ta kusa ƙarar da su, aka wayi gari ba su kai ɗari ba, sannan a 1957 gwamnati ta sa su cikin abubuwan gado na ƙasa da doka ke karewa. A duk wannan tarihi ba a mayar da su dabbobin gida ba. An hana mutum taɓa su ne kawai, su kuwa suka daina gudunsa. Ba su da mai su, ciyawa da 'ya'yan itatuwa ne ainihin cimarsu, barbara kuma suna yin ta yadda 'yan'uwansu na daji ke yi.

Sunkuyar da kan da ke burge baƙi ma roƙo ne da suka koya. Ana sayar da wata 'yar waina busasshiya ta garin alkama da dusar shinkafa, ba sukari a ciki, kuma barewa ta gane cewa in ta kaɗa kai za a miƙo mata. Lokacin annobar korona, da baƙi suka ɗauke ƙafa, masu bincike a Jami'ar Mata ta Nara sun gano cewa sunkuyawar ta ragu. To dabbar da ta saba da cewa hannu na nufin abinci, me za ta yi in aka nuna mata wainar aka janye don a sami hoto mai kyau? Cizo, ko tunkuyi, ko ta finciki riga. A shekarar 2018 an ƙirga mutane fiye da 200 da bareyin suka ji wa rauni, kuma da yawa a wajen ba da abinci abin ya faru. Haɗarin ya fi yawa daga Mayu zuwa Yuli, sa'ad da uwa ke tsaron ɗanta, da kuma kaka, sa'ad da maza ke neman mata. Ƙaramin yaro kuwa fuskarsa daidai take da kan barewa.

Bareyin sun fi kowa biyan kuɗin wannan sabo. A 2019 an sami matattun bareyi tara da leda a cikinsu, ɗaya ma abin da aka ciro mata ya haura kilo 4. Ƙamshin abinci a jikin leda ya isa ya sa barewa ta haɗiye ta, ledar ta cika tumbi, dabba ta rame ta mutu alhali ciyawa na gabanta. Wannan ya kamata ya dami duk wanda ya ce yana son su.

Wani zai ce ai an fi shekara dubu ana zaune tare, me ya yi zafi yanzu? Amsar ita ce zaman bai taɓa zama na sakaci ba. Tun ƙarni na 17 ake yanke wa maza ƙahoni duk kaka, don mutanen da sun san abin da ƙaho ke iya yi. Abin da ya sauya shi ne yawan baƙi, miliyoyi a shekara, galibinsu masu wucewa na wuni ɗaya da ba su san halin dabbar ba. Bareyin kuma suna cinye tsiron itatuwa a tsohon dajin Kasugayama, suna shiga gonaki, har a 2017 hukuma ta fara rage yawansu a yankunan da ke nesa da tsakiyar birni.

Wani kuma zai ce to a hana ciyar da su gaba ɗaya. An gwada haka a tsibirin Miyajima kusa da Hiroshima a 2008, aka yi ta jayayya a kai, masu kare dabbobi suna cewa an bar bareyin da suka dogara da mutum cikin yunwa. Ban ga hikimar katse abin dare ɗaya ba, kuma ban ƙi yaro ya ga dabba ido da ido ba, don abu ne da ba ya mantawa. Amma nauyin yana kan uba da uwa: wainar da aka tanada kaɗai za a bayar, a miƙa ta nan take, a buɗe tafin hannu a nuna ta ƙare, babba ya tsaya tsakanin barewa da ƙaramin yaro, a bar jaririn barewa ko an gan shi kwance shi kaɗai, leda kuma ta koma cikin jaka.