Bututun Iska Mai Sanyi Na Haɗin Gida: Abin Da Yake Ƙara Wa Inji Da Abin Da Yake Ci

Direbobin dogon zango sun daɗe da sanin cewa mota ta fi jin totur da asuba fiye da tsakar rana. Motar da ke nishi a hanyar Sakkwato da azahar a watan Afrilu, ita ce ke tashi kamar an tsikare ta bayan sallar asuba, alhali man ɗaya ne, kayan ma ɗaya. Bambancin yana cikin iskar da injin ke shaƙa. Wannan ne ya sa matasa masu sha'awar mota ke cire akwatin matatar iska da kamfani ya saka, su haɗa nasu bututun da zai jawo iska mai sanyi daga waje. Dabarar tana da tushe a kimiyya, amma ribarta ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba, kuma a ƙasa mai ƙura irin tamu kuskure kaɗan ya isa ya cinye inji.

Inji ba fetur kaɗai yake ci ba. Kafin kilo 1 na fetur ya ƙone ƙurmus, yana buƙatar iska kilo 14.7. Idan aka juya lissafin, lita 1 ta fetur tana tafiya da iska kusan lita 9,000. A cikin iskar nan kashi 21 cikin 100 ne kawai iskar oksijin, wadda ita ce ke rura wutar. Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya ga haka: gawayin bai canza ba, amma da an matsa zuga-zugi sai wutar ta yi fari.

Matsalar ita ce silindar inji ba ta faɗaɗa, abin da take ɗauka a kowane zuƙo ƙayyadadde ne. Iska kuwa idan ta yi zafi sai ta buɗe ta yi sakayau, oksijin ɗin da ke cikin kowace lita ya ragu. Duk ƙarin zafi na digiri 3 a ma'aunin Salshiyos yana rage nauyin iska da kusan kashi 1 cikin 100. Iskar da ta kai digiri 60 a ƙarƙashin bonet ta gaza ta digiri 25 nauyi da kusan kashi 10 cikin 100. Hawa tudu ma haka yake yi: a Jos, da ke kusan mita 1,200 sama da teku, iska ta fi ta Legas sakayau da fiye da kashi 10 cikin 100, shi ya sa motar da ba ta da na'urar turbo take rage kuzari a can.

To nawa ake samu idan an sanyaya iskar? Ƙiyasin da injiniyoyi ke aiki da shi shi ne ƙarin ƙarfi kashi 1 cikin 100 a duk ragin digiri 5 zuwa 6. A ɗauki Corolla mai inji lita 1.8, wadda ƙarfinta ke wajen doki 130. Idan aka yi sa'a aka rage zafin iskar da digiri 15, abin da za a samu bai wuce doki 3 ko 4 ba, shi ma sai an taka totur har ƙasa. A tafiyar cikin gari ba za a ji shi ba. Abin da yawancin masu haɗa bututun ke ji su ce mota ta ƙara ƙarfi, ƙara ce. A akwatin kamfani akwai wani kogon roba da aka yi musamman don kashe gurnanin zuƙar iska, da an cire shi sai inji ya riƙa ruri.

Haka batun tsimin mai. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, duk wata dabara da aka ce tana rage shan mai tana samun kasuwa. Wannan ba ta cikinsu. Kwamfutar mota tana auna iskar da ta shigo ne ta zuba mata fetur daidai da ita. Iska ta ƙaru, mai ya ƙaru. Sau da yawa ma shan man hauhawa yake yi, domin daɗin rurin yana sa ƙafar direba ta yi nauyi.

Kuskuren da aka fi gani a gareji shi ne a cire akwatin, a ɗaura matata mai siffar mazurari kai tsaye a bakin inji, a bar ta tsirara a ƙarƙashin bonet. A nan tana zaune ne a bayan lagireto mai ruwa kusan digiri 90, kusa da bakin salansa da ke kai ɗaruruwan digiri. Akwatin da aka cire kuwa daga bayan ragar gaba ko daga cikin madigad yake jan iskarsa, wato dama can mai sanyi yake sha. An kashe kuɗi an koma baya ke nan, musamman a cunkoso inda mota ke tsaye zafi na taruwa.

Wanda ya dage sai ya haɗa nasa, akwai abubuwan da ba a wasa da su. Na farko kayan aiki. Fayif ɗin ruwa na PVC da ake sayarwa a shagon kayan famfo ba a yi shi don ya wuce digiri 60 ba. A kusa da inji yana laushi, ya lanƙwashe, mahaɗarsa ta saki. Bututun alminiyam da mahaɗan robar silikon da kilif masu kyau su ne daidai, a kuma sa faifan ƙarfe tsakanin matatar da inji don tare hucin. Faɗin bututun ya yi daidai da bakin totur na injin, wanda a ƙananan motoci yake tsakanin inci 2 da rabi zuwa 3. Bututu mai faɗi fiye da kima yana rage gudun iskar, mota ta yi nauyin tashi. Lanƙwasa ta zama kaɗan kuma mai laushi, a kuma bar wuri ɗaya mai motsi, domin inji yana jijjiga a kan kujerunsa amma jikin mota ba ya binsa.

Na biyu na'urar auna iska, wadda makanikai ke kira eyafulo. A cikinta akwai siririyar waya da ake ɗumamawa da lantarki. Gwargwadon yadda iska ke sanyaya ta, gwargwadon yadda kwamfuta ke gane yawan iskar. An daidaita ta ne da faɗin gidanta na asali, saboda haka idan aka dasa ta a bututu mai wani faɗin, ƙarya za ta riƙa faɗa wa kwamfuta. A bar ta a gidanta, a ba ta miƙaƙƙen bututu a gabanta. Duk wata kafa da iska za ta sata ta shiga bayan na'urar tana sa mai ya yi wa inji kaɗan, silo ya riƙa rawa, fitilar gargaɗi ta kama, na'urar bincike ta nuna lambar P0171. Ƙaramin tiyon da ke fitowa daga murfin inji ma dole a mayar da shi mazauninsa.

Na uku wurin da bakin zai zauna, kuma a nan yanayinmu ya sha bamban da na waɗanda suka yayata dabarar a Amurka da Japan. Su sukan saukar da matatar ƙasa, bayan bamba. A yi haka a Kano a watan Agusta, ranar da kwalbati ta cika ruwa ya hau titi, inji zai zuƙi ruwa. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Fistin ya taso ya same shi, sandarsa ce za ta lanƙwashe ko ta karye, wani lokaci ta fasa bulok. Da rani kuma ƙasan bamba nan ne ƙurar motar gaba ta fi kauri. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, kuma ƙurar cike take da ɓarɓashin silika mai goge ƙarfe. Matatar auduga mai mai da ake sayarwa don tsere tana barin iska ta wuce da sauƙi saboda ƙofofinta sun fi faɗi, ta nan kuma ƙura mai laushi ke bi. A buɗe irin wannan bututun bayan wata biyu a shafa yatsa a cikinsa: idan ya fito da jan gari, wannan garin yana cin ringi da bangon silinda. Ƙarshensa shan baƙin mai da hayaƙi, garin neman ƙiba an samo rama. Ba banza ba Land Cruiser da Hilux masu shiga daji suke ɗaga bakin iskarsu zuwa saitin rufi, inda ruwa ba ya kai wa, ƙura kuma ta fi sauƙi.

Kafin a yanka komai, a auna. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 duk suna da mahaɗar OBD-II a ƙarƙashin sitiyari, kuma ƙaramar na'urar da ake haɗawa da wayar hannu tana nuna zafin iskar da inji ke sha. Idan mota na gudu a buɗaɗɗen titi kuma lambar ba ta fi zafin waje da digiri kaɗan ba, babu abin da sabon bututu zai ƙara. Idan tazarar tana da yawa, a duba ko bututun da ke kawo iska cikin akwatin ya fashe ko ya ɓace, abin da ya zama ruwan dare a motocin Kwatano. A mayar da shi, ko a ja sabo daga ragar gaba zuwa bakin akwatin, a bar ƙaramar huda a ƙasansa don ruwa ya tsiyaye, a saka sabuwar matatar takarda ta gaske, a riƙa duba ta akai-akai da hunturu. Wannan aikin na yini ɗaya zai dawo wa yawancin motoci da dokin da suka rasa, kuma kuɗinsa bai kai na saitin ringi ɗaya ba.