Harbin Nesa ko Sanɗa: Wanne Ya Dace da Maharbin Elk?

A duwatsun Roki na yammacin Amurka, musamman jihohin Kolorado, Montana da Wayomin, watannin Oktoba da Nuwamba ne kakar farautar elk da bindiga. Elk ƙatuwar dabba ce mai ƙaho reshe-reshe, namijinta kan haura kilo 300. Maharbanta sun rabu gida biyu: masu harbi daga nesa, da masu sanɗa har su matso kusa.

Masu harbin nesa suna da hujja. Ƙasar kwazazzabai ce, sau da yawa dabba tana wancan tsauni kai kana wannan, kafin ka tsallaka ta ɓace. Ga na'urar auna tazara, ga madubin saiti na zamani. Sai dai huhu da zuciyar elk, inda harsashi ke kashewa da sauri, faɗinsu bai wuce kamar santimita 40 ba. A tazarar mita 450, harsashi samfurin .30-06 da aka saita a mita 180 yakan sauka ƙasa fiye da mita ɗaya, iska mai gudun kilomita 16 a awa kuma ta ture shi kusan rabin mita. Yana shafe fiye da rabin daƙiƙa a hanya. Taku ɗaya dabbar za ta yi, ya shige tumbi, ta ja ciwo cikin kurmi ta mutu a wahale, nama ya lalace.

Sanɗa kuwa aiki ne na haƙuri, irin wanda maharbanmu masu ɗaura burtu a ka suka sani. Hancin elk ya fi idonta, don haka mai sanɗa yakan lura da iska: da asuba tana gangarowa daga tsauni, in rana ta yi zafi ta juya sama. Yakan rarrafa a kan ƙanƙara, gwiwa na zogi. Wani lokaci garke ya shaƙi warinsa ya watse, maharbin ya koma gida hannu rabbana. Amma asarar tasa ce shi kaɗai, bai bar dabba da rauni ba.

Wajen atisaye ma akwai bambanci. Wanda ya saba harbi a kan tebur da buhun yashi bai san bindigarsa ba tukuna. A daji sai a durƙushe, ko a kife bisa jakar baya, kana haki, yatsa ya sandare a kan kunama. Tazarar da kake samun faifan takarda da ka kafa abin hari a kowane harbi cikin wannan hali, ita ce iyakarka.

Ƙungiyar Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt ya jagoranci kafawa a 1887, ta daɗe tana koyar da cewa farauta ta gaskiya ita ce wadda dabba ke da damar tsira. A wannan ma'auni sanɗa ya yi rinjaye. Wanda bai tabbatar da harbinsa ba, ya matso, in ba hali ya sauke bindiga.